Ɗaki Ɗaya a Ƙetaren Gada

Ya ke inuwar tsufana, sanyin randar da ban taɓa tarar da ita da ɗumi ba, fitilar da aka kunna mini shekara arba'in da shida ba ta taɓa yi mini yaji ba. Ya ke uwar 'ya'yana, abokiyar gardamata, wadda za ta gane tarina a cikin tarin mutum ɗari: ina gaishe ki gaisuwar busasshiyar ƙasa ga ruwan farko. Yaya ƙafar? Yaya jirin nan na safe? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kada ki yi mamakin takarda alhali ga waya. A waya kina cewa lafiya lau, ina cewa lafiya lau, mu kashe, kowa ya san ɗan'uwansa bai faɗi gaskiya ba. Takarda kuwa ba ta katse mutum ta ce kuɗinsa ya ƙare. Ki gyara zama, ki sa tabarau. Kin san ni, ban taɓa iya shiga labari ta gajeriyar hanya ba.

Yau wata huɗu da kwana tara ke nan da 'yarmu ta haye da ke jiharsu, a kan za ki ga likita ki dawo. Ranar Lahadi Akawu ya zo. Babban ɗan naki, wanda tun yana rarrafe yake jera tsakuwa yana ƙirgawa, ya zauna a bencin ƙofar shagona ya buɗe mini wayarsa: ga jiharmu, ga tasu, kafaɗa da kafaɗa. Can asibiti na ba tsofaffi maganin hawan jini a rabin kuɗi, in dai mutum a jihar yake zaune. Nan kuɗin haya ya haukace, gidanmu in an zuba 'yan haya zai ɗauki maganinki har da saura. To ga shawarar: ke ki ci gaba da zama wajen 'yarmu, ni in koma ɗakin baya na gidansa, kowa ci da kwana kyauta. Ya ce, “Baba, wallahi haka ya fi sauƙi, ko Mama ma ta yarda.” Na ce, “Ka haɗa komai daidai, ɗan nan. Uwarka da ubanka kawai ka raba.” Bai yi dariya ba. Ni ma ba wasa nake yi ba.

Sai na ɗaura niyyar ƙaryata shi. Na ɗauki sandata, kwana uku ina yawo kamar mai cigiyar akuya. Na zaga kasuwarmu, na hau mota zuwa gadar da ta raba jiharmu da tasu, na sauka inda kwalta ke canza launi, na sake biyan wata motar, domin direbobinmu ba sa ƙetarawa. Na wuce ta bakin layinku ban shigo ba, kada ki ga ƙura a ƙafata ki fara faɗa. Na tambayi mai sabulu, na tambayi mai gawayi, na tambayi mai nama, har wata mai tumatir ta gaji da ni ta ce, “Baba, saye za ka yi ko gwamnati ce ta aiko ka?”

Ga abin da na samo. Gawayi ya fi araha a nan, don daji na kusa da mu. Ruwa ya fi araha a can, famfonsu na kawowa kwana huɗu a mako, mu kuwa sai mun tare masu kurar ruwa. Ɗakin haya a can rabin namu ne. Wutar lantarki duk halinsu ɗaya, ana biya ba a gani. Magani kuwa, babu ko gardama. Na dawo da kumburarrun ƙafafu da labari marar daɗi: yaron nan yana da gaskiya, ko sisi bai kuskure ba. Ni na biya masa makaranta, ga shi na ga amfaninta.

To tunda lissafi ya kayar da ni, bari in zo miki ta inda lissafi bai san hanya ba.

Kin tuna kwanon rufinmu na farko? Muna da wata bakwai da aure, ɗakin na yoyo, aka ce mana kwano ya fi araha a ƙetaren gada. Kika nace sai kin bi ni, wai ni ban iya ciniki ba, mai kaya na yi mini murmushi zan biya. Kika tsaya kan mutumin nan har ya share gumi ya rage. Muka ɗora a amalanke muna jin mun ci riba, a tsakiyar gada ƙafar amalanken ta fice, hadari ya haɗo. Kuɗin gyara da na ɗan dako suka cinye rangwamen har suka taɓa kuɗin cefane. Muka ɗaga falle ɗaya muka fake a ƙarƙashinsa, ruwa na dukansa kamar ana kiɗa a kan kunnenmu, ba mai jin maganar wani. Na dube ki ina jiran kuka, na ga kina dariya, ruwa na bin gefen fuskarki, idonki kamar taurarin da suka ƙi jiran dare. Kika matso bakin kunnena kika ce, “Kafinta, ai ga shi rufin na aiki.” Ranar na san na yi asara a kwano, na kuma san ba zan ƙara yin talauci ba muddin kina gefena.

Yanzu ki zo ki ga gidan. Bishiyar lemon da kika dasa ta yi fure, ƙamshin na shigowa har ɗaki yana nemanki, ya tarar da ni, ya juya. Kujerarki ta ƙofar kicin tana nan inda kika bar ta, ina kewaye ta in zan wuce kamar kina kai. Nakan dafa shayi kofi biyu, sai na zuba nake tunawa. Na yi wa mutane gadaje sun fi ɗari, ban taɓa sanin gado na iya yi wa mutum faɗi ba sai bana. Wa zan faɗa wa mafarkina da safe ya ce mini yawan ci ne? Wa zai tsayar da ni a tsakiyar labari ya ce ba haka aka yi ba? Wace kasuwa ake sayar da wannan, a wace jiha, nawa ne mudunsa? Na tambayi farashin komai, ban ga rumfar ba.

Ba na zargin yara. Tsoro suke ji kada wata ya zo maganinki ya yanke, ni ma tsoron nake ji. Ba kuma zan tare a gidan suruki ba, ke kanki a ɗakin jikoki kike kwana. Amma a rana ta uku ta yawona na ga wani ɗaki a bayan asibitinku, cikin layin da mai walda yake a bakinsa. Na ciro awona na gwada: ƙafa goma sha biyu da goma. Gadonmu zai shiga in na cire allon kai. Tagar na kallon gabas, irin yadda kike so. Babu matakala ko ɗaya, daga ƙofa zuwa famfo taku goma sha ɗaya ne, da takun tsoho na auna. Ƙofar na cijewa, wannan aikin rabin yini ne. Mai gidan tsohuwar malamar makaranta ce, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai da wa?” Na ce ni da amaryata. Ta ce za ta riƙe mini zuwa Lahadi, bayan nan akwai mai jira.

Ba zan rufe ki ba, ban taɓa ba. In muka kama ɗakin nan, hayar gidanmu za ta ɗauki maganinki da abinci, ba za ta ɗauki marmari ba. Nama sai jefi-jefi. Babu fankar da ke kanki yanzu, babu mai yi miki wanki sai wannan tsohon da bai iya matse zane ba. Zan sayar da babban injin yankan katakon shagona, in ƙetaro da zarto da guduma, ai ko'ina akwai karyayyar kujera. Ya fi tsada, hasken idona, ya fi wuya. Abin da nake miƙo miki ke nan, ban shafa masa fenti ba.

Ranar Asabar za a taru a gidan 'yarmu, Akawu zai zo da takardar 'yan haya in sa hannu. Na ji abin da kika ce masa: “Duk yadda kuka ga ya fi.” Ke? Ke da kike sa mahauci ya sake awo sau biyu? Na san muryar nan, muryar mai gudun zama nauyi ce. Ni in na yi magana za su ce rigimar tsufa ce, ke kuwa ba su taɓa tsallake maganarki ba. Don haka roƙona ɗaya ne. Idan ya tambaye ki, kada ki sunkuyar da kai ki ba shi amsar da za ta yi masa sauƙi. Ki ɗago ki dube ni, ki faɗi abin da kike so. In zaman can ya fi miki, ki faɗa, wallahi zan sa hannu, in shiga ɗakin baya, ba za ki taɓa jin ƙorafina ba. In kuwa irin abin da ke cina ne yake cinki, kalma ɗaya ta isa.

Shekara arba'in da shida kina tambayata me nake so, ina faɗa, kina yi. Ban tuna ranar da na mayar miki da tambayar ba. Na makara, amma ga ta.

Naki jiya, naki yau, naki ko wace amsa kika bayar, har ranar da za a zo a auna tsawona,

Kafintanki