Yistin Baba a Kwalba Uku

Kalneliai, 5 ga Mayu

Vidmantas,

Bayan gaisuwa irin wadda zama uwa ɗaya uba ɗaya ya wajabta, ina fata kana lafiya, kai da matarka Rasa da yaran. Ni dai ba lafiya ba, kuma da hannunka a ciki.

Takardar gasarku ta masu haɗa giya a gida cewa ta yi sakamako zai fito ran sha biyu ga Afrilu. Yau kwana ashirin da uku ke nan ina jiran gawon shanu. Kullum sai na tare mai kawo wasiƙa a bakin titi, har bawan Allah ya fara kau da kai in ya hango ni. Kai ne sakataren ƙungiyar, sunanka ne a ƙasan takardar, kai zan riƙe. Ka san giyata ɗanya ce, ba a tafasa ta. Ba irin taku ta birni ba ce da za ta shekara a kan kanta tana kallon mutane.

Amma ba maki ne ya sa na ɗauki biro bayan shekara tara ba. Yistin Baba, wanda ke tayar da giyar gidanmu, ya tafi. Igiyar da nake rataye tulunsa a rijiya don kada zafi ya ɓata shi ta ruɓe da sanyin bana ban lura ba. Ran Talata na ja, sai igiya ta zo hannuna fayau. Na sa aka shiga aka fito min da fasassun tulu. Sauran giyar kuwa an shanye ta da bikin Ista, gangunan ma na wanke su da ruwan zafi kamar kullum. To yistin da kakanmu ya ba Baba, Baba ya ba ni, yau babu shi ko'ina a duniya sai a gindin kwalabe ukun nan da na aiko muku. Duk ranar da alƙalanka suka ƙara, ƙara mutuwa yake yi.

Ka dawo min da kwalabena, duka ukun. Ba alfarma nake nema ba, kayana ne.

Ka huta lafiya in kana iyawa.
Yayarka, Zita

Panevėžys, 11 ga Mayu

Yaya Zita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na kuma karanta ta sau biyu don in tabbata ni ake ba umarni.

Ga yadda abin yake. Doka ta ce alƙalai shida masu takardar shaida. Biyu daga birnin Riga za su zo, ɗaya ya karye a ƙafa, ɗayan kuma ya ce ba ya tuƙi shi kaɗai. Mun nemi wasu, an tsayar da ashirin da huɗu ga wata. Ba ke kaɗai ke jira ba. Mutum saba'in da ɗaya ne, kuma rabinsu sun riga ki zagina.

Kwalabenki ba zan iya dawo da su ba, don ban san su ba. Ranar da suka iso aka cire takardar da kika ɗaura da kyauro, aka manna lamba, aka sa sunayen a ambulan aka like, mutum uku suka sa hannu. Ba a buɗewa sai alƙalai sun ajiye biro. Ke kanki kin karanta wannan kafin ki shiga, in dai ba don ki kunyata ni kawai kika shiga ba.

Na yi baƙin cikin tulun, ba zan ɓoye ba. Sai dai ina tuna ranar da Baba ya kurɓi giyata a gaban baƙi ya tofar, ya ce wanda ya tafasa giya ya kashe ta, ya ɗauki tulun ya miƙa miki. Kika karɓa kina murmushi. Na roƙe ki cokali ɗaya bayan jana'izarsa, kika ce ba a ba mahauci ajiyar ɗan rago. Da kin ba ni, da yau ba ki rubuto ba.

Ki kwantar da hankalinki. Kwalaben suna firji. Alƙalai kan buɗe ɗaya a zagayen farko, ta biyu in an kai teburin ƙarshe, ta uku ta ko-ta-kwana ce, ita zan aiko miki bayan an gama. Ɗaya ta isa ta da yisti, ban ga dalilin nace wa uku ba. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Na bar ki lafiya.
Vidmantas, sakatare

Kalneliai, 15 ga Mayu

Vidmantas,

Ina gaishe ka, da kai da “sakatare” ɗin da ka liƙa wa yayarka a ƙasan wasiƙa. Kai dama ko dutse ka samu sai ka dafa.

Ɗaya ba ta isa ba. Zan faɗa maka dalili sau ɗaya, in ka ga dama ka tara ƙungiyarku ka karanta musu.

Na san halinku na jinkiri, bara ma haka kuka yi wa mutane. Na ji tsoron giyar ta juya kafin a ɗanɗana, ka zauna a ofishinka ka ga an rubuta “tsami” a ƙarƙashin sunan gidanmu. Don haka da safen da zan aika, na ɗora tukunyar da nake dafa kwalaben kokwamba, na tsoma kwalaben giyar a ruwan zafi. Ka ji. Ni Zita na yi. Kwalba biyu kawai tukunyar take ɗauka. Ina cire su Onutė maƙwabciya ta leƙo ta ce motar gari ta iso kwanar titinmu, sai na goge duka ukun na cusa a kwali na ruga. Biyu matattu ne, ɗaya ce mai rai, kuma kalarsu ɗaya, murfinsu ɗaya, tunda dokarku ta hana ko ɗigon alama. Ni kaina ban san wacce ba ce.

In alƙalanka suka buɗe mai ran, za su tsiyaya a hankali don kada abin da ya kwanta a gindi ya ɓata musu kofi, sannan a ɗauraye kwalbar a zubar a kwata. Shekara ɗari na gidanmu ke nan a kwata.

Tun ranar ban je kabarin Baba ba, kunya ta hana ni. Ka yi dariyarka ka ƙoshi, amma ka buɗe ambulan ɗin nan.

Wassalam, ko me kuke cewa a birni.
Zita

Panevėžys, 20 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban yi dariya ba. Rasa ta ce fuskata ta yi ja har ta ɗauka ciwona ne ya tashi.

Shekara tara kina kirana makashin giya. A bikin ɗiyar Onutė kin ce wa mutane ƙaninki shayi yake dafawa ya zuba a kwalba. 'Ya'yana ba su san hanyar gidan kakansu ba saboda bakinki. Ashe tukunya na nan a madafinki tana jiran ranarta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kin san me kike nema? In na yage ambulan ɗin, sunan kowa ya fito, ba naki kaɗai ba. Na je wurin shugabanmu ban ambaci sunanki ba, na ce a ce wata ta shiga irin wannan hali. Ya ce ko uwarsa ce sai ta jira, wanda kuma ya taɓa ambulan ya ajiye mukullin ofis. Ni na kafa ƙungiyar nan a garejina lokacin da gidanmu ya rufe min ƙofa. Ita kaɗai ce wurin da aka taɓa cewa giyata ta yi daɗi.

Wani labarin kuma, don ki ƙara jin daɗi: an sake ɗagawa. Ɗaya daga sababbin alƙalan mura ta toshe masa hanci, ba ya jin ƙamshin komai. Sai bakwai ga Yuni.

Ban yi miki alkawarin komai ba.
Vidmantas

Kalneliai, 23 ga Mayu

Vidas, ƙanena,

Ina gaishe ka. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ban da shayin, don Onutė ce ta fara faɗa, ni maimaitawa na yi. Yistin ba zai kai bakwai ga Yuni ba, kai ma ka sani. Ba ni da sauran abin cewa. Ka gaida min yaran, in sun san da ni.

Zita

Panevėžys, 29 ga Mayu

Yaya Zita,

Gaisuwa. Na yage ambulan ɗin. Lambarki arba'in da bakwai. An cire ki daga gasar, ni kuma na ajiye mukulli ran Litinin. Ba za ki taɓa sanin makinki ba. Na ɗanɗana, da ba ki ci ba.

Na haɗa gindin kwalabe ukun a tulu ɗaya, na zuba musu ruwan tsiron sha'ir mai ɗumi, wanda ban tafasa ba, kafin ki tambaya. Kwana uku shiru. Yau da safe na tarar da kumfa har wuya, gareji duk ƙamshin ɗakin Baba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuma ba don ke ba.

Ki zo da kanki ki ɗauka, ba zan kawo ba. Ki taho da tulu ƙarami, don rabi za ki samu. Rabin nawa ne, kuma wannan karon ba tambayarki nake ba.

Ki iso lafiya.
Ƙaninki, Vidas