Ƙahon Da Malam Ya Karɓa A Ƙauyen Chana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ka ɓoye sunana da adireshin imel ɗina. Don Allah ku ba ni shawara kafin in yi abin da zai raba zumunci, don wallahi zuciyata tafasa take yi.

A garin Greensboro na Amurka muke, unguwar Glenwood. Mijina, wanda kowa ke kira Malam, yana aiki a sito ranakun mako, Asabar da Lahadi kuma yana koya wa yaran mutanenmu karatun Alƙur'ani a falonmu. Shekara da shekaru yana yi, da sunansa aka san gidanmu. Yana da aboki ɗan kasuwa da ke zaune a Sedgefield, zan kira shi Alhaji, matarsa Hajiya. Alhaji na zuwa Chana saro kaya, bana ya matsa sai mun raka su mu ma mu ga duniya. Ni ce ma na zuga Malam ya yarda.

Da ya gama sayayya sai ya ɗauko mana ɗan jagora, muka hau mota zuwa ƙauyukan kan duwatsu. Gaskiya wurin ya yi kyau, gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakala, gidajen katako, tsofaffi na shanya barkono a ƙofar gida. A bakin wani ƙauye mata suka tare hanya, sun sha ado da azurfa har ka, suna waƙa, kowacce riƙe da ƙahon ɓauna. Ashe al'adarsu ce, baƙo ba ya shiga sai an kai masa giyar shinkafa baki a cikin ƙahon. In ba ka sha, sai ka mai da hannunka baya ka sunkuyar da kai su ƙyale ka, amma in ka kuskura ka taɓa ƙahon, to ya zama naka, sai ka shanye. Ɗan jagora ya faɗa mana wannan a mota, lokacin Malam na ta barcin gajiya, kuma babu wanda ya tuna ya gaya masa, har da ni.

Wata tsohuwa ta miƙo wa Malam ƙaho, shi kuma kun san tarbiyyarmu, babba ya miƙo maka abu, ya russuna ya karɓa da hannu biyu, a zatonsa ruwa ne. Wuri ya kaure da shewa. Da ya ji warin, sai ya nisanta shi da fuskarsa yana ta ba su haƙuri, su kuma sun ƙi karɓa, sai ƙara waƙa suke. Ana cikin haka Alhaji ya karɓe ƙahon ya ɗaga kai ya shanye tas. Ina tsaye da kyamarar bidiyo, komai ya shiga kaset. Hajiya kuma tana gefe tana ɗaukar hotuna.

Mun dawo lafiya. Ranar wani suna, Hajiya ta zo da album na hotunan tafiyar tana nuna wa mata. Duk hoton mijinta da ƙaho ta cire, ta bar na Malam shi kaɗai, ya riƙe ƙaho hannu biyu dab da bakinsa. Wata ta tambaye ta mene ne a cikin ƙahon, sai ta yi 'yar dariya ta ce a tambayi Malam, shi ya san daɗinsa. Ina kicin ana wannan, sai daga baya labari ya zo mini. Kafin mako ya zagayo an yi sikanin hoton an sa a kwamfuta, yana yawo a imel har gida Najeriya da Nijar. Iyaye suka fara janye yaransu ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce ƙwallo, wancan ya ce aikin makaranta ya yi yawa. Kuma wai Alhaji, Alhajin da ya shanye, yana cikin na farko da suka janye nasu. Kun ji rashin kunya?

Na kira Hajiya a waya. Ta ce ita wasa ta yi, ba ta ce ya sha ba, mutane ne suka fassara. Na ce to ta fito ta faɗi wanda ya sha. Ta ce in kiyaye ta, mijinta mutum ne mai mutunci a garin nan. Na ce nawa fa, a bola na tsinto shi? Na faɗa mata maganganu, ba na kuma nadama, ta kashe waya.

Abin da ya fi ƙona mini rai Malam ne. Na ce a kunna kaset a gaban dattawan masallaci, ya ce bai yarda ba. Wai Alhaji don ya fitar da shi kunya ya sha, ba zai saka masa da tonon asiri ba. Na ce wace fitarwa? Da aka sake tare mu da ƙaho a ƙofa ta gaba, babu wanda ya tilasta wa Alhaji, ai da kansa ya miƙa hannu, har yana lashe baki, shi ma yana cikin kaset. Ya ce ko ma mene ne, Allah ya san shi dai bai sha ba, kuma in na nuna wa wani bai yafe ba. Na nemi in yanke wurin Alhaji in nuna sauran, to ba ya yankuwa, hannun da ya karɓi ƙahon da agogonsa da fuskarsa duk a wuri ɗaya suke.

Asabar ɗin da ta wuce ya share falo, ya shimfiɗa tabarmi, ya jera Alƙur'anai kamar kullum, ya zauna yana kallon ƙofa har azahar. Babu yaron da ya zo. Ya tattara Alƙur'anan ya mayar kabad, ni kuwa na shiga banɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Jama'a, in saɓa wa mijina in kai kaset ɗin a wanke sunansa, ko in yi masa biyayya in zuba ido ana kiransa mashayi? Masu ilimi ku gaya mini, rufa asirin wanda ya bar ka cikin ƙazafi dole ne? Kada wanda ya ce mini in yi haƙuri kawai, na ji wannan har na gaji. Jiya a shagon halal wata mata da Malam ya koya wa 'ya'yanta Fatiha ta hango shi, ta ja su suka canza layi.