Ƙudujin Gonar Tudu

Tsarnawa, farkon damina.

Zuwa ga Yaya Junaidu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya karatu, yaya zaman Yamai? Inna da Baba suna sa maka albarka.

Baba ya bi shawararka. Tunda ka ce ƙudujin da ya cinye mana gero bara ba ya kama wake, bana wake ya zuba a gonar tudu duka, ko ramin gero ɗaya bai bari ba. Kullum a bakin masallaci yana faɗin ɗansa mai karatun noma ne ya ce.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na gaya maka a waya ƙudujin gonar nan biyu ne. Akwai dogon mai jan fure, mai bin gindin gero da dawa. Akwai kuma gajere mai kauri, kusan ba ganye, wanda nake gani ta gefen yashi inda Inna ke ɗan shuka wakenta. Ka yi mini dariya, ka ce iri ɗaya ne, girma ne bai yi ba. Allah Ya sa ni ce ban sani ba.

Ƙanwarka,
Balki

Tsarnawa, bayan kaka.

Yaya Junaidu,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mu ma da sauƙi.

Gajeren ya fito ko'ina. Wake ya yi rawaya tun bai yi fure ba, abin da muka tsinta ko wata guda bai kai mu ba. Wani malamin gona ya zo daga Konni, kallo ɗaya ya yi ya ce dangi ɗaya ne, amma kowanne da abincinsa. Wannan na wake ne, kuma yana nan tun daga Illela har ƙasar Sakkwato. Abin da na faɗa maka ke nan, ni da aka cire daga lakwal, aka katse mini karatu don kai ka ci gaba. Raina ya ɓaci, Yaya, har yau bai huce ba.

Baba bai taɓa ambaton laifinka ba. Ya dai daina zama bakin masallaci. Ya sayar wa Alhaji Labbo gonar don mu samu na ci, ya ce kada a gaya maka sai ka gama jarrabawa. Ni na gaya maka.

Ga ƙudujin nan iri biyun na busar, na sa a cikin takardar nan. Ka jera su ka duba da kyau. In za ka rubuta inda suke fitowa, kada ka sa gonar Baba, ka sa gonar Alhaji Labbo.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Balki