Hannun Auta a Jikin Jakunkuna

Baban yara,

Na tafi kasuwa sayo yadi da fenti, ban iya jiran dawowarka ba. Makulli yana wurin maƙwabciya, Auta ma tana can tana barci.

Ka tuna jakunkunan da na ɗinka wa mai shagon nan, waɗanda Auta ta tsoma hannu a shuɗin fenti ta bi su ta manna musu tafinta? Jiya ka ce in haƙura, sana'a da raino ba za su yiwu a ɗaki ɗaya ba. To, da safe na kai mata su haka, na shirya ba da haƙuri. Matar ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wannan ɗan hannun ke kika zana shi?" Na ce mai shi tana gida, ko magana ba ta gama iyawa ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Muna tsaye wata mai sayayya ta rataya ɗaya a kafaɗa, ta ƙi ajiyewa. Yanzu mai shago ƙari take so, kuma kowacce da hannun a jiki.

Don Allah kada ka wanke ragowar jakunkunan da ke cikin kwando kamar yadda ka ce za ka yi. Bangon falon da ta shafa wa fenti kuwa, ni zan goge.

In Auta ta tashi ka ba ta abinci, ban da faɗa. Ma'aikaciyata ce yanzu. Gobe kuma kai ne mai riƙe mata kwanon fenti.

Maman Auta