'Yar farina ta fi son wata nas a kaina

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah a sakaya sunana. Ku taimaka min da shawara, kishi ke cina, kuma abin kunya wai da wata nas nake yinsa.

Mu mutanen Runka ne, rashin tsaro ya maido mu Batsari. 'Yar farina shekararta goma sha ɗaya. Tun ranar da 'yan bindiga suka rutsa da su ita da babanta a hanyar gona, Allah ya kuɓutar da su, yarinyar nan ba ta koma daidai ba. Ta daina magana, ko babur ya wuce sai ta shige ƙarƙashin gado. An yi tofi, an sha rubutu. Ranar da muka same ta tana buga kanta da bango har jini, muka kwashe ta sai asibiti, imajensi.

Wuri cike da masu hatsari, ga ta tana ta ihu, wasu na cewa a ɗaure ta kawai, sai wata sista ta ce a'a, an koya musu yadda ake bi da irin waɗannan yaran. Ta kai mu wani ɗan ɗaki da ba hayaniya, ta cire takalmi ta zauna a ƙasa, ta tambaye ni sunan yarinyar. To ni a gidanmu uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, balle ta rungume shi, tun da na haife ta "ke" nake ce mata. Surukata da muka zo tare ce ta faɗa. Sista ta yi ta kiran sunan a hankali har yarinya ta ɗora kai a cinyarta. Sista ta ce in zo in riƙe wa yarinyar hannu, na dubi surukata, na sunkuyar da kai.

Yanzu duk sati muke komawa. Magana ta dawo, amma fa da sista kaɗai, ita take gaya wa abin da ta gani a daji, ni kuwa ina benci kamar 'yar rakiya. Wallahi har dariyar matar nan na tsana. Rannan na kasa daurewa na ce mata ta je ta haifi nata. Ba ta yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Ta ce ita ba ƙwace min 'ya za ta yi ba, akwai likitan da za ta haɗa mu da shi a Katsina, amma sauran aikin nawa ne, in riƙa kiranta da suna, in riƙa jawo ta jikina. Surukata ta ce wannan fitsara ce, ita haka ta yi renon nata ba wanda ya haukace. Maigida ya gaji da mitata, ya ce in ba na son zuwan a daina, ya bar min zaɓi. Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata so take in ce a daina.

Jiya da hantsi gidan ba kowa, yarinyar tana wanke-wanke, na daure na kira sunanta. Ta saki kwano, fuskarta ta washe, ta wuce ni da gudu ta leƙa zaure tana neman sista.

Jama'a, in raba su ko za ta waiwaye ni, ko in ci gaba da kai ta ina zaman benci? Ya zan yi?