Na Rantse Masa Cewa Rama Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullah, mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Gaisuwa ce daga dattijon da kunya ta hana shi ɗaga kai. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Kafin wani ya rubuta mini "tsohon banza", ya daure ya karanta har ƙarshe. Duk zagin da zai yi, na riga shi yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni Bakatsine ne, na haura saba'in, ina zaune a Makka, unguwar Ka'akiyya. Sana'ata ɗinkin tamfol da tanti da labule. Da keken ɗinki na zaga ƙasashe. Na zauna Agadas, na zauna Sabha, na yi Njamena da Omdurman, kafin in tsallako aikin Hajji in maƙale a nan ba takarda. Ina jin Fulatanci da Barbarci da Faransanci, Larabci kuwa kala-kala. Ba don alfahari na faɗa ba, sai don ku san ba ni da damar fakewa da rashin sani. Ganyen da muke kira wiwi na san shi ɗanye, na san shi busasshe. A Sudan bango suke ce masa, a can arewacin hamada kif, a nan hashish. Na ga garin da ake kama mutum da shi da safe, da yamma ka gan shi yana shan shayi a tasha. Nan ba haka ba ne. Nan in an kama ka, in ka yi sa'a ka tsufa a kurkuku, sannan a tasa ƙeyar iyalinka gaba ɗaya zuwa ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba.

Wanda ya san zaman nan ya san marar iƙama, wato takardar zama, ba ya kama haya da sunansa. Gidan da nake ciki da sunan aminina aka kama shi, zan kira shi Alhaji Labbo. Bagobiri ne, tsohon direban babbar mota, a Njamena muka haɗu muna samari. Shi Allah ya ba shi takardu, yana zaune a unguwar Shisha da 'ya'ya da jikoki. Ranar da zai sa hannu a kan gidan dariya ya yi, ya ce, "Bawana, tun kaka da kakanni Bagobiri ka riƙon Bakatsine, mi ne sabo?" Na ce masa ai shi ne bawan, tunda ga shi yana yi mini hidima. Tun daga ranar bai taɓa tambayata me nake yi a cikin gidan ba.

Ɗa ɗaya gare ni, Faisal, ya wuce talatin. A nan aka haife shi, amma shi ma ba takarda, saboda haka ba makaranta mai nisa, ba aikin kirki, sai dakon kayan alhazai a tashar Kudai. Hausarsa ta ji ce kawai. In yi masa Hausa, ya mayar mini da Larabci. Shekarun baya na kama shi da ƙwaya, na mare shi a gaban mutane, ya fita ya tafi Jidda. Shekaru muka yi ba mu san ko yana raye ba. Uwarsa ta yi kuka har na fara zargin kukan ne ya jawo mata yanar idon da ta kusa rufe mata gani. Bara ya dawo, a rame, ba ya ko kallon idona. Gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Ku duba wannan abu: na iya ciniki da Buzu, na iya ba'a da Basudane, amma ɗan cikina ban san ta inda zan fara magana da shi ba.

Wata rana bayan Azahar ina kan keke, sai ga shi ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Bai taɓa yi ba. Ya miƙo mini waya, ya nuna mini hoton wani ɗan tanti mai tsayin mutum, baƙi a waje, ciki mai ƙyalli, da zif daga sama har ƙasa. Ya ce, "Abuya, za ka iya irin wannan?" Ya ce ana sayarwa, amma sai an yi odarsa da suna da adireshi, shi kuwa wane suna gare shi? Na tambaye shi na mene ne. Ya ce shuka zai yi a ciki, da fitila, tunda ranar Makka ba ta barin komai. Na ce shukar me? Ya ce, "Ganye." Jama'a, wa ke ɓoye alayyafo a bayan zif? Na sani. Wallahi a take na sani. Amma abin da na ji a zuciyata shi ne yau ɗana ya nemi wani abu a hannuna, kuma abin da na fi kowa iyawa. Na ce, "Wannan? Ai wanda ya ɗinka shi bai ma iya kusurwa ba." Ya yi dariya. Rabona da jin dariyarsa tun yana yaro.

Na ɗinka shi. Ban yi masa ɗinkin gaggawa ba, na zuba masa duk gwanintar da na tara, yana riƙe mini bakin yadi muna hira, har Hausa ya riƙa gwadawa yana karya ta. Muka kafa shi a ɗakinsa. Na ce wa raina ai ƙila ba za ta fito ba. Ta fito. Ta yi kore shar, ta yi yatsu, ɗakin ya fara wari.

Hajiya, uwar Faisal, ce ta fara tambaya. Ido ya tafi amma hanci yana nan. Ta ce, "Malam, wai me yaron nan yake yi a ɗaki, ga wani wari kamar an jiƙa ciyawa?" A nan ne na yi ƙaryar da ta zama mini igiya. Wanda ya taso a karkara ya san akwai ramar da ganyenta ke da yatsu, in ba ka lura ba sai ka rantse wiwi ce. Na ce mata, "Rama ce yake shuka miki." Ta dafe ƙirji. Ta ce, "Rama? Ɗanya? A Makka?" Ta hau sa masa albarka tana hawaye. Mu a nan busasshiya muke samu, in alhazai sun zo da ita, ta sha hanya ta zama kamar dusa. Rabonta da kwaɗon ɗanyar rama tun tana amarya. Ni da nake ganin na rufe magana, ashe ƙofa na buɗe. Na manta halin matanmu: abin gida in ya samu a baƙon wuri, ba a cin sa a ɓoye. Kafin mako ya zagayo ta faɗa a wurin suna, ta faɗa a waya. Wannan ta aiko a sammata, waccan ta ce ko ganye kaɗan ne na miya. Kullum ina cewa ba ta isa tsinka ba, ina ƙara turaren wuta a gidan.

Matar Alhaji Labbo ta daɗe tana jinya, abinci ba ya shiga, sai ta ce ita kwaɗon rama take marmari. Hajiya ta roƙe ni, na ce a ƙara haƙuri. Ta ce, "Mutanen da suka rufa mana asiri ne za mu hana wa ganye? Malam, ba ka ji kunya ba?" Ran Litinin da ta wuce na tafi Harami, Faisal yana Kudai. Hajiya ta lalubo makullin ɗakinsa a aljihun rigar da na bari, ta shiga, ta zuge zif, ta shafa ganyen ta ji yatsu, ta tsinko cikin leda, ta haɗa da ƙuli-ƙuli ta ba mai tasi ya kai Shisha. Da na dawo da murnarta ta tare ni. Na zauna a ƙasa.

Washegari bayan La'asar Labbo ya zo inda muke shan shayi. Bai ce mini bawana ba. Ya ce in taso mu ɗan taka. Da muka yi nisa da mutane ya ce, "An dafa ganyen nan. Rama tsami gare ta, wanga ɗaci. Hajiyata loma guda ta yi ta ture." Na ce ƙila don a ƙarƙashin fitila ta tashi. Ya tsaya ya dube ni. Ya ce, "Malam, na yi rayuwata a tashoshin mota, na san wanga wari. Sunana na bisa gidan nan. In wani abu ya faru, ni za a fara ɗauka, kuma 'ya'yana da jikokina duk a inuwar takardata suke. Ba ni son jin ta bakin kowa sai naka. Mi ne a ɗakin yaron nan?"

Kun san me na yi? Da na faɗa masa gaskiya a lokacin, ƙila da yanzu ba na rubuta wannan. Amma fuskar Faisal na gani, ranar da ya fita bayan marin nan. Na juya na fuskanci Alƙibla, a garin da Alƙiblar take, na ɗaga hannu na ce, "Na rantse da Ubangijin wannan Ɗaki, rama ce." Ni da na sha gaya wa samari cewa zunubi a Makka ba ɗaya yake da na ko'ina ba.

Da ya ƙaryata ni da na ji sauƙi. Sai ya kama hannuna biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ka yafe mini. Shaiɗan ne. Tun muna samari ban taɓa kama ka da ƙarya ba, yau ga ni na zarge ka a kan hancin tsoho." Shi yake roƙona gafara, jama'a! Daga nan ya saki jiki, ya koma ba'arsa, ya ce dama Katsinawa ko rama suka shuka sai ta fito da ɗaci. Ya ce ran Juma'a in an sauko zai biyo ni gida ya ga wannan gona ta cikin tanti, zai zo da tukwanen shuka in ba shi iri, ko a Shisha za ta yi tsami.

Na koma gida na sami Faisal ya ga an taɓa masa shuka, yana ta huci. Na rufe ƙofa na gaya masa komai. Na ce mu tuge ta yau, mu yayyanka tantin, in samo ko yakuwa ce in zuba a tukunya. Ya ce, "Yanzu ka san haram ne, Abuya? Wa ya ɗinka? Wa ya ce wa Ummi rama ce?" Ya ce wannan ganyen ne ya raba shi da ƙwaya, da shi yake samun barci, kuma saura kaɗan ya isa. Ya ce ba sayarwa yake ba. Ban sani ba ko gaskiya ne. Wanda ya rantse a kan ƙarya da wane baki zai tuhumi wani? Na ce to Baba Labbo fa, da ya ɗauke ka a kafaɗa kana jariri? Ya ce in hana shi zuwa, in ce ba ni da lafiya. Sannan ya ƙara da cewa: "Wallahi in ka taɓa ta, zan fita, kuma wannan karon ko gawata ba za ku gani ba." Uwarsa ta jiyo hayaniya ta laluba bango ta zo, ba ta san kan zancen ba, ta ce, "Malam, a kan 'yar ramar da na tsinka? Ni na yi laifin, ni za ka yi wa faɗa. Ka kore mini shi sau ɗaya, in ka sake ban yafe ba."

Ga inda nake. In na tuge, na rasa ɗana, kuma na san titin da zai koma, uwarsa kuma ba za ta ɗauka ba. In na ƙirƙiri ciwo na hana Labbo zuwa, na sake yi masa ƙarya, kuma na bar wuyansa a cikin igiyar da bai san da ita ba, alhali rabin matan unguwa sun san akwai "rama" a gidan, kuma ba duka ne masu yanar ido ba. In na je Shisha na durƙusa na faɗa masa gaskiya, dole ya zare sunansa ko ya kai magana gaba don ya tsira da iyalinsa, kuma ba zan ga laifinsa ba. To ina za ni da makauniya da ɗan da ba shi da ƙasa? Na yi tunanin in ce tawa ce ni kaɗai, a tafi da ni, ai na ci zamanina. Amma ko na faɗi haka sunan Labbo ne a kan gidan.

Na je Harami jiya da niyyar ɗawafi, na kasa ɗaga ido in dubi Ɗakin. Na zauna daga nesa kamar baƙon da ba a gayyata ba. Malamai da ke wannan shafi, rantsuwa irin tawa tana da kaffara, ko sai wanda na cuta ya sani ya yafe? Iyaye, akwai wanda ya taɓa ƙwato ɗansa daga irin wannan ba tare da ya rasa shi ba? Ta yaya?

Ɗazu Labbo ya kira ni, ya ce ya sayi tukwanen, har guda ya ƙara saboda maƙwabcinsa ma yana son iri. Na ce masa Allah ya kai mu. Juma'a jibi ce. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?