Baƙin Lalle a Hannun Ilham

Litinin, 3 ga Maris, 2014
Ilham ta sauko bayan la'asar, yarinyar nan da ke aure a saman benenmu. Ta miƙo hannu. Shatin yatsun mijinta ya kwanta a tsintsiyar hannun. Na dama baƙin lalle na zana mata fure a kai, yadda na saba. Gobe akwai biki a unguwar Zahir, kada mata su gani. Da ta tafi na ci tuwona ni kaɗai, ko ɗanɗanonsa ban ji ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Ashe kotu ta je a ɓoye, tana neman a hana mijinta Abdulwasi'u kusantarta. Aka ce ina hujja? Likita ta juya hannun, ta sake juyawa, furena kawai ta gani. Ilham ta dawo tana dariyar yaƙe, ta kira ni inna da Larabci kamar kullum: "Ya Khala, har yaba aikinki ta yi." Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhamis, 13 ga Maris
Rumasa'u mai yi wa matanmu tafintar Larabci a ofishin wani lauya ta zo ƙunshi. Ta ce ana maganar sassauta sharaɗin hujja: wai hoton waya da bayanin mace za su isa a raba su na ɗan lokaci, kafin a saurari mijin. Na ce yaushe? "Lissa, da saura, Khala, magana ce tukuna." Magana! Hannun mutumin nan jiran magana yake yi?

Talata, 18 ga Maris
Ba wanda ya buga ƙofa yau. Na kira ɗana a Kano, bai ɗauka ba.

Juma'a, 28 ga Maris
Hajiya Maijidda, uwar mijin Ilham, ta sauko mini da shinkafa da kanta. A duk unguwar Mansur ita kaɗai ke tunawa da ni ran Juma'a, tun rasuwar maigidana Malam. Ta riƙe hannuna: "Allah ya saka da alheri, ke ce mai rufa mana asiri." Na ce amin. Amin fa na ce! Kuma na cinye tas, don yunwa nake ji.

Asabar, 5 ga Afrilu
Ilham ta sauko. Wannan karon har a wuya. Ta zauna, ta miƙo hannu. Na ce lalle ya ƙare, alhali ga shi can cike da roba a ƙarƙashin gado. Na ja ta bakin taga inda haske yake. "Ɗaga kanki, 'yata." Na ɗaga wayata na ɗauka, hoton farko bai fita ba.

Gobe da safe tare za mu je. In ba su karɓi hoto ba, ga ni, ni na rufe na baya, zan faɗa. Ba wani abu ba ne, rakiya ce kawai.

Na wanke kwanon Hajiya Maijidda na mayar mata. Ba na jin zai sake saukowa.